Aminu Kano: Malamin makarantar da ba ya tashi aiki idan an kaɗa ƙararrawa

Duk wanda ya san Dutse ya san Dandalin Malam Aminu Kano. Nan ake manyan tarukan gwamnati, nan 'yan siyasa ke baje kolin magoya baya, kuma nan ne gwamnatin Sule Lamido ta tara talakawa a 2008 domin su faɗi damuwarsu da bakinsu a gaban manya. Sunan wurin ya zauna a bakin 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu, har ya koma kwatance kawai.

Idan ka tsayar da matashi a bakin dandalin ka tambaye shi wane ne mai sunan, amsar ba za ta wuce ɗan siyasa ba, jagoran talakawa, mai NEPU da PRP. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Kalmar "Malam" da ke gaban sunansa ba ta girmamawa ce kurum ba. Sana'arsa ce. Shekara takwas ya yi yana riƙe da alli a gaban allo, daga 1942 zuwa 1950, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya koyi abin da ya rayu a kansa har ya koma ga Mahaliccinsa ranar Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, wato jawo matashi a jiki, a saurare shi, a koya masa tsayawa da ƙafarsa.

Kowace shekara idan ranar ta zagayo ana taro a Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, gidan da ya zauna kuma aka binne shi, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Yawancin jawaban da ake yi kan siyasarsa suke tsayawa. Malamin makarantar nan ba kasafai ake tuna shi ba, alhali shi ne ya fi kusa da halin da yaran Jigawa ke ciki a yau.

Daga Sudawa zuwa Bauchi

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai. Mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuma ita ta fara ɗora shi a kan karatun allo. Ya yi firamare a Shahuci, ya shiga Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa, ya gama a 1942.

Tun yana ɗalibi a can ya fara rubuta wasannin kwaikwayo yana shirya su da 'yan uwansa ɗalibai. Masu nazarin adabin Hausa na lissafa "Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba" da "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya" cikin wasanninsa na wancan lokaci. Sunayen kaɗai sun isa su nuna inda zuciyar yaron ta karkata. Cuta a kasuwa, ƙarya a mu'amala, ƙarfi a kan mai rauni, su yake ɗaukowa ya dasa a dandali, a yi dariya, a tashi da abin tunani.

Da wannan kayan aiki ya isa Midil ta Bauchi yana ɗan shekara 22. A makarantar ya tarar da Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya daɗe yana koyarwa a wurin har ya kai ga shugabancinta, da Yahaya Gusau. A cikin gari kuma akwai Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas, wanda rashin lafiya ta dawo da shi gida. Zungur ya girme shi da 'yan shekaru, ya fi shi zurfin karatu, ya kuma fi shi zafin harshe. Aminu ya lizimce shi. Da rana yana malami a aji, idan ya tashi ya koma ɗalibi a zauren Zungur. Wanda zai raini wasu, shi ma sai da aka raine shi.

Aikin da ke farawa bayan an tashi

Abin da ya bambanta shi da sauran malaman zamaninsa ba a cikin aji ya fi fitowa ba. A wancan lokaci tsakanin malami da ɗalibi akwai katanga mai tsawo. Malami abin tsoro ne, bulala na hannunsa, yaro ba ya haɗa ido da shi balle ya yi masa tambayar da ba ta cikin littafi. Masu rubuta tarihinsa, ciki har da Ba'amurken nan Alan Feinstein da ya fitar da littafin "African Revolutionary" a 1973, sun nuna Aminu ya rushe wannan katangar. Ƙofar gidansa a buɗe take ga ɗalibai bayan an tashi makaranta. Yana shirya musu wasan kwaikwayo, yana zaunar da su muhawara, yana cikin harkar 'yan sikawut, ƙungiyar nan da ke koya wa yara ɗa'a da juriya da taimakon jama'a.

Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, to amma a duba yadda kowanne ke aiki a jikin yaro. Wanda aka ba matsayin alƙali ko na talaka a wasan kwaikwayo, dole ya tsaya a gaban jama'a ya ɗaga murya, kuma dole ya yi tunanin yadda wani yake ji. Wanda aka sa ya kare wani ra'ayi a muhawara, ya koyi cewa ana kayar da mutum da hujja ba sai an ɗaga hannu ba, ya kuma koyi shan kaye ba tare da gaba ba. Ɗan sikawut da aka ba ragamar yara shida a sansani ya ɗanɗana shugabanci tun kafin gemu ya fito masa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake tambaya a jarrabawa, kuma babu wanda ya ƙara wa Aminu ko sisi a kan albashinsa saboda su.

Irin wannan zama bai tsaya a kan yara ba. A farkon shekarun 1940 aka kafa wata majalisar tattaunawa a Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke haɗuwa ana muhawara kan al'amuran ƙasa, Aminu ne sakatarenta. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Tambayoyin da shi da Zungur ke jefawa, har da wadda ta shafi yadda ake yanka wa sarakuna albashi, sun fi ƙarfin haƙurin masu mulki, aka rufe ta. Ɗalibansa suna kallo. Sun ga malamin da ke ce musu su yi tambaya shi ma yana yi, a gaban waɗanda ake durƙusa wa.

A 1946 ya samu gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Koyarwa ta Jami'ar Landan. Kafin ya dawo, a watan Agustan 1947, ya halarci babban gangamin 'yan sikawut na duniya a Faransa, wanda ya tara matasa sama da 24,000, shekara biyu kacal bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan watan ne kuma Indiya ta samu 'yancin kai, ƙasar Gandhi, mutumin da salon gwagwarmayarsa ta ruwan sanyi ya yi tasiri a kan Aminu.

Malami mai yunwa

Da ya dawo gida, abu na farko mai girma da ya sa a gaba bai shafi jam'iyya ba. Ƙungiyar Malaman Arewa ce, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948, kuma ake lissafa ta a matsayin ƙungiyar ƙwadago ta farko da 'yan Arewa suka kafa wa kansu. Buƙatunta a bayyane suke: albashi mai kyau, yanayin aiki mai mutunci, da gyaran manhaja.

Wannan ɓangare na tarihinsa ya kamata masu yawan yi wa malamai wa'azin sadaukarwa su riƙa tunawa. Mutumin da ya fi kowa ba da lokacinsa kyauta shi ne kuma ya fara tara malamai domin neman haƙƙinsu. Bai ga karo tsakanin biyun ba. Ya san malamin da tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba, ba zai zauna da 'ya'yan wasu bayan la'asar ba, komai kyan zuciyarsa.

Hukuma ta ga Bauchi ta yi masa daɗi, ta tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, cikin Jihar Zamfara ta yanzu. Can ma bai sauya hali ba. A watan Nuwamban 1950, wata uku bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, ya ajiye aikin gwamnati, ya kuma bayyana dalilansa a jaridar Daily Comet.

Ya bar aji, amma bai bar koyarwa ba. Gidansa a Kano ya koma makaranta. Yana cikin waɗanda suka fara assasa tsarin Islamiyya, mai haɗa karatun addini da aji da allon bango, a shekarun 1950. Ya buɗe wa mata ƙofar koyon karatu da sana'ar hannu a lokacin da mutane da yawa ke ganin hakan abin kunya ne. Yana tafsiri da azumi. Matasan da ke cika zaurensa, teloli da 'yan koli da 'yan makaranta, tarbiyyar da ya yi wa yaran Bauchi ita yake musu, sai dai yanzu darasin ya koma na haraji da kotu da ƙuri'a.

Ɗaliban da suka yi masa gardama

Ta nan ne labarin ya iso ƙasar da a yau ake kira Jigawa. Kafin 27 ga Agusta, 1991, yankin duka yana cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma a zaɓen 1979 PRP ce ta lashe jihar, Abubakar Rimi ya zama gwamna. Cikin matasan da suka tafi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin jam'iyyar akwai Sule Lamido daga Birnin Kudu, wanda daga baya ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali, ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980. Manomin Kiyawa da makiyayin Jahun sun ji wannan a aljihunsu.

Sai dai tarihi bai tafi sumul ba. Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Rimi da Balarabe Musa na Kaduna da matasa da dama, har da Lamido, suka kama hanyar da Malam bai yarda da ita ba, aka yi ta musayar zafafan kalamai har ya rasu ba a gama ɗinke ɓarakar ba. Dattawan da suka ga zamanin har yau ba su daina gardamar wa ke da gaskiya ba, kuma ba wannan rubutu ne zai raba musu ba.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya shekara 40 yana koya wa matasa cewa babu wanda ya fi ƙarfin a tambaye shi, wata rana tambayar za ta biyo ta kansa. Ta kuwa biyo, kuma da ciwo. Duk da haka, ɗaya daga cikin waɗanda suka saɓa masa ne, da ya samu mulki bayan shekara 24 da rasuwarsa, ya sa sunansa a dandali mafi girma a babban birnin jiharsa.

Daga azahar zuwa magariba a Dutse

Yanzu a dawo kan yaron da ke makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a Dutse, ko Birnin Kudu, ko Gwaram. Wajen ƙarfe biyu an tashe shi. Daga nan zuwa magariba akwai sa'o'i huɗu ko fiye. Wani Islamiyya za ta ɗauke masa wani ɓangare, wani gona ko shagon ubangida, wata kuma talla. Sauran fa? A waɗannan sa'o'i ne ake koyon zaman majalisar banza, a nan ake fara ɗanɗana ƙwaya, a nan cacar ƙwallo ta waya ke cinye kuɗin da babu, a nan kuma masu neman 'yan banga ke zuwa cefane idan zaɓe ya matso. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 bayan an fallasa yadda yake cin matasan Arewa, amma doka ba ta cike wa yaro lokacin da ba shi da abin yi.

Waɗannan su ne sa'o'in da Aminu Kano ya yi aikinsa mafi tasiri a cikinsu. Kuma har yanzu akwai masu yin irinsa, sai dai ba a san su ba. Duk wanda ya zaga filayen makarantun firamare da na unguwanni bayan la'asar, daga Garu zuwa Takur zuwa Limawa, zai ga wani mutum da usur a wuya, yara sun kewaye shi. Sau da yawa malamin makaranta ne ko tsohon ɗan wasa. Shi ke sayen ƙwallo, shi ke bin iyaye yana roƙon a bar yaro ya zo atisaye, shi ke raba faɗa, shi ke korar wanda ya zo da warin hayaƙi a baki ya ce sai ya gyara zai dawo. Yaron da ba ya jin maganar ubansa sau da yawa yana jin ta koci, domin kocin na riƙe da abin da yake so, wato riga mai lamba ranar wasa. Ɗaya cikin ɗari ne wataƙila zai kai ga sa rigar Jigawa Golden Stars. Sauran abin da za su tafi da shi shi ne zuwa a kan lokaci, da biyayya ga alƙalin wasa, da sanin cewa akwai babban da ya damu da inda suke.

Haka malamar da ke tsayawa da 'yan mata tana shirya su gasar muhawara ko kacici-kacici, da malamin da ya hana ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsa mutuwa. Ba sa cikin kasafin kuɗi. Ranar da ɗayansu ya rasu, unguwa za ta cika da samarin da suka zo jana'iza daga garuruwa daban-daban, a nan ne maƙwabta ke gane girman abin da yake yi.

Ba daidai ba ne a kwatanta zamanin biyu kai tsaye. Midil ta Bauchi makarantar kwana ce mai ɗalibai kaɗan da aka tsamo daga lardi guda, malami na iya sanin kowa da sunansa da na ubansa. Malamin yau yana shiga aji cike maƙil, wani lokaci shi kaɗai ke riƙe da darussan da ya kamata mutum uku su raba. Idan an tashi, babur yake hawa ya nemi na cefane, ko ya wuce gona. Wanda ya ce masa ya zama Aminu Kano ba tare da ya duba wannan ba, bai yi masa adalci ba.

Gwamnatoci sun taɓa wani ɓangare na matsalar. A Jigawa an ɓullo da shirin J-Teach domin rage giɓin malamai, daga baya aka mayar da wasu daga cikinsu ma'aikatan dindindin. A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai a Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, ya kuma sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65, ko 40 na aiki, a 2022. Duk waɗannan kan aji suke magana. Abin da ke faruwa bayan ƙararrawa har yanzu an bar shi ga mai hali da mai zuciya.

A ganina nan ne jihar ke da gyara mai sauƙin kuɗi. Malamin da ke riƙe da ƙungiyar ƙwallo, ko ta muhawara, ko ta sikawut, a rubuta aikin a takardarsa, a ba shi ɗan alawus, a lissafa masa shi ranar ƙarin girma. Gasar makarantu ta ƙananan hukumomi ta zama tana da ranar da kowa ya sani a kalandar karatu, kada ta jira sai wani ɗan takara ya sa kofi da hotonsa a jiki. Filayen makarantu kuma a daina yanka su ana shaguna. Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna yaye matasa duk shekara, kuma da yawansu aji za su shiga. Zai yi kyau a ce kafin su fita an koya musu yadda ake tafiyar da ƙungiyar ɗalibai, kamar yadda ake koya musu rubuta tsarin darasi.

Masu koyar da yara a filayen unguwa kuma, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ko rajistar sunayensu a ofishin wasanni na ƙaramar hukuma da 'yan ƙwallaye a farkon zango zai rage musu nauyi. Dandalin da ke ɗauke da sunan Malam yana da faɗin da zai ɗauki wasan ƙarshe na muhawara ko na wasan kwaikwayo tsakanin makarantun ƙananan hukumomi 27 na jihar, kuma 17 ga Afrilu rana ce da ba ta da wani biki a kalandar Jigawa.